Tarin Baba Idi

Ashafa mutumin ƙasar Bichi ne. Ya shigo Kano a shekarar 1978 da shaidar gama firamare da ɗan ƙunshin tufafi, wani ɗan garinsu ya kai shi wata masaƙa a Bompai aka ɗauke shi koyon aiki. Kafin damina ta zagayo an ba shi layin injinan saƙa yana kula da su shi kaɗai. Ya kama ɗaki a Dakata, a wani gidan haya da ke bakin hanya, inda duk babbar motar da ta wuce sai kwanon rufin ya amsa.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba, ba zai gane ƙarar wurin ba. Injina ne jere iya ganinka, kowanne ƙoshiyarsa mai ɗauke da zare na kai da komo kamar ana harbi, ko ka sa baki a kunnen mutum ka yi ihu ba zai ji ka ba. Don haka da hannu ma'aikata ke magana, da ido, da motsin leɓe. Ashafa dama tun yana yaro gwanin kwaikwayo ne, ya sha bulala a kan tafiyar ladanin garinsu. To da ya zo inda kunne ba shi da amfani, sai idonsa ya ƙara kaifi. Ya san yadda heluma, mai kula da ma'aikata, ke sosa ƙeya kafin ya yi ƙarya, ya san yadda mai gyaran injin ke lasar yatsa kafin ya taɓa ƙarfe. In an fito hutun rana wurin mai shinkafa da wake, sai ya tashi ya kwaikwaya wa abokan aiki ɗaya daga cikinsu, har wani ya ƙware don dariya.

Bitrus ne ya fara ce masa ɓarnar baiwa yake yi. Bitrus ɗan Kagoro ne, layinsa na kusa da na Ashafa, dogo mai faɗin baki da saurin sabo. Shi ya goya shi a keke wata Asabar ya kai shi wata makarantar firamare a Tudun Wada, inda wasu samari ke haɗuwa bayan la'asar suna gwajin wasan kwaikwayo. Sun sa wa kansu suna Ƙungiyar Ƙoshiya. Shugabansu Ɗahiru, akawun sito ne a wani kamfanin takalman roba a Sharada, shi ne mai ƙirƙiro labari. Akwai tela a cikinsu, da direba, da malamin makaranta, da 'yan mata biyu daga kamfanin alawa. Ba a rubuta komai. Ɗahiru zai ce, "Kai ne mai gida, kai kuma ɓarawo, ga inda za a fara, ga inda za a ƙare," sauran kuwa kowa ya cike da bakinsa. Zanin gado ne labulensu, bencin 'yan makaranta dandamali.

Tun daga ranar rayuwar Ashafa ta rabu biyu, kuma rabin nan biyu ba sa ga maciji da juna. Aikin masaƙa juyi ne, wannan mako na safe, mako mai zuwa na rana. In aikin rana ya faɗo masa, sai ya bi mutane yana roƙon musaya, ya karɓi ranar da kowa ke gudu, har da ranar Sallah, don dai ya samu yammacin Asabar da Lahadi. Da an busa jiniyar tashi zai hau keke ko wanka babu, ya iso makarantar gashinsa fari fat da ɓurɓushin auduga. Abin da aka tara a bakin ƙofa ranar wasa, hayar benci da lasifika ke cinye shi. Wata rana gyangyaɗi ya sace shi a tsaye, zare ya tsinke injin ya yi ta saƙa ɓarna. Heluma ya zo ya tsaya gabansa, ya ɗaga yatsu biyu, ya naɗe ɗaya, leɓensa ya ce, "Ko wasa, ko aiki." Daga gida ma saƙo ya zo cewa nema aka tura shi birni, ba zama ɗan kama ba. Ashafa ya ji duka, bai bar ko ɗaya ba. Ya taɓa gaya wa Bitrus cewa a masaƙa hannu ne shi kawai, sai ya hau bencin nan yake jin shi mutum ne sukutum.

A ɗakin saƙar akwai wani tsoho mai shara, Baba Idi. Ba wanda ya san shekarar da ya fara aiki, kowa zuwa ya yi ya same shi. Aikinsa bin ƙarƙashin injina da doguwar tsintsiya yana tara audugar da ke zuba kamar yayyafi. Ya ranƙwafa, idonsa ja, kuma yana da tari. Ashafa ya daɗe yana ganin tarin bai taɓa jin sa ba. Yakan ga tsohon ya tsaya cak, ya jingina tsintsiya a ƙirji, ya dafa gwiwa da hannu ɗaya, kafaɗunsa su yi ta girgiza, sannan ya ɗaga kai sama baki buɗe kamar mai jiran ruwa.

Ran nan da tsakar rana aka ɗauke wuta. Injina suka mutu lokaci ɗaya, wurin ya yi tsit, irin shirun da ke sa kunne ƙara. Cikin shirun nan sai tarin ya taso daga can ƙarshen ɗakin. Yana farawa ne daga ƙasa, kamar guga na dukan ƙasan busasshiyar rijiya, ya yi ta hawa, ya ƙare da wani siririn fito. Ashafa kuwa ya tsaya yana saurare, ya adana shi a kansa tsaf.

A lokacin Ɗahiru na haɗa wani wasa na wani tsohon mai gadi da ɓarayi ke kwashe kayan uban gidansa yana taya su ɗauka, don ya zaci masu ƙaura ne. Aka ba Ashafa tsohon. Ya ɗauko ranƙwafawar Baba Idi, da dafa gwiwar, da tarin, ya sa wa mai gadin. Ranar da suka fara nuna shi a filin makarantar, da ya kai wurin fiton nan, mutane suka riƙa faɗowa daga benci. Aka kira su bikin aure, aka kira su kulob ɗin ma'aikata, ko'ina mai gadin ake jira. A titin Dakata masu faci da 'yan tireda suka koma kiran Ashafa Baba Mai Tari.

Zance kuwa ba ya ɓuya a masaƙa. Wata Lahadi da la'asar sakaliya, Ashafa ya leƙa ta gefen labule kafin a fara, sai ya hango Baba Idi zaune a ƙasa a sahun gaba, cikin wankakkiyar riga, hannuwansa kan gwiwa. Ya so ya sassauta, amma da ya fito aka fara ihu, jikinsa ya yi abin da ya saba. Duk filin na dariya, ban da mutum ɗaya. Tsohon bai ɓata rai ba, bai kuma yi murmushi ba, kallo kawai yake kamar mai tayin akuya a kasuwa.

Da aka tashi ya zagayo bayan labule. Ashafa ya durƙusa.

"Baba, ku yi haƙuri. Wallahi wasa ne, ba da wulaƙanci na yi ba."

"Na ce ka yi laifi ne?" in ji Baba Idi. "Tafiyar ka iya. Amma tarin ba haka yake ba. Kai daga maƙogwaro kake yi. Nawa daga nan yake fitowa." Ya sa yatsa ya taɓa ƙasan haƙarƙarin Ashafa. "In kana so in koya maka."

Ashafa ya ji sanyi a ransa, har ya yi dariya. Wane ɗan wasa ne zai ƙi?

Suka riƙa haɗuwa lokacin hutun rana, a gindin wata dalbejiya da ke bayan sito. Tsohon yakan zaunar da shi, ya ɗora tafin hannu a tsakiyar bayansa, ya ce, "Ja numfashi, kar ka cika. Riƙe. To sake shi ta ƙasa, kar ka taimake shi, bar shi ya nemi hanya da kansa." Lokacin bazara ne, ƙarfe ma ba ya taɓuwa don zafi, amma hannun nan sanyi ƙalau, har ta cikin riga Ashafa ke jin sa. Ya ɗauka halin tsufa ne.

Ran nan abin ya fito. Ya taso daga inda Ashafa bai san yana da wuri ba, ya girgiza shi har hawaye, ya ƙare da fiton nan daidai. Masu cin abinci can nesa suka waiwayo suna neman Baba Idi, suka gan shi zaune bakinsa rufe.

"Yauwa," in ji tsohon. Ya ɗauke hannunsa ya goge a riga. "Ka karɓa?"

Ashafa na share ido yana dariya ya ce, "Na karɓa, Baba. Na gode."

"A'a, ni ke da godiya."

A makon nan Baba Idi ya ajiye aiki ya koma ƙauyensu a ƙasar Gumel. Mutane suka ce ya ji alamar tafiya ce, ya je ya mutu a gida.

Wasan ya ƙara kyau. Yanzu in mai gadin ya yi tari, dariyar takan tsaya a tsakiya, wasu matan su ce wayyo, sannan a sake fashewa. Wani ma'aikacin gidan talabijin ya gan su, ya ce wa Ɗahiru su shirya za a ɗauke su. Ɗahiru ya dinga zagaya aji yana cewa kakarsu ta yanke saƙa.

Sai dai tarin ya fara zuwa ba a kira shi ba. Ya fara kama Ashafa wurin alwalar asuba, sannan a kan keke, har sai ya sauka ya dafa gwiwa. Bai damu ba tukuna. Abin da ya fara tayar masa da hankali shi ne ranar da wani sabon ma'aikaci ya taɓa kafaɗarsa ta baya ya nuna masa auduga da ta taru a ƙarƙashin injin, da Ashafa ya juyo sai mutumin ya ja baya yana ba da haƙuri. Wata rana kuma aka busa jiniyar tashi, ya duba hannunsa ya ga tsintsiya. Layinsa a share tas, har da na Bitrus. Bai tuna lokacin da ya ɗauke ta ba, injinansa kuwa biyu sun tsaya tun tuni ba wanda ya ɗaura zaren.

Akwai yarinyar da yake nema a unguwar, Atika, 'yar wani mai sayar da itace. Ran nan da yamma ya je zance, ya yi sallama a zaure, tarin ya sarƙe shi. Atika ta fito da mayafi har goshi, ta durƙusa tun daga bakin ƙofa kanta a ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa, Baba, mai gidan ba ya nan, ya tafi masallaci." Da ta ɗago ta gan shi, ba ta yi dariya ba.

"Ashafa, miƙe tsaye sosai mana," ta ce.

Ya ce, "Ai a miƙe nake."

Ya je asibitin kamfani. Malamin asibitin ya sa abin sauraro a bayansa ya daɗe, ya ce auduga ce, kowa a ɗakin saƙa zai samu rabonsa in ya jima. Sannan ya tambaye shi shekarunsa nawa a aiki. Da ya ji, ya sake saurarawa, ya ce, "Ƙirjin nan ya girme ka." Ya ba shi maganin ruwa mai zaƙi. Ashafa ya sha, ya sha rubutu, ya yi turaren da wani malami a Dakata ya ba shi. Tari na nan.

Sai ya yanke shawara ya je ya nemi gafarar tsohon, in ya same shi da rai, in kuwa ya rasu ya yi masa addu'a a kan kabari. Ya yi musayar aiki, ya hau kiya-kiya zuwa Gumel, daga nan ya bi akori-kura. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa. Ya isa ƙauyen rana tsaka, ya tambayi gidan Malam Idi da ya yi aiki a Kano, yana shirin jin an ce Allah ya yi masa rasuwa. Wata mata mai daka ta nuna masa hanya da taɓarya ta ce, "Yana gona."

A gonar ya tarar da mutum ɗaya yana huɗa da garma, ya tuɓe riga, bayansa miƙe sambal, yana tafe yana ɗan waƙa. Ashafa ya yi sallama zai tambaye shi. Mutumin ya juyo. Baba Idi ne. Idonsa ya washe, wuyansa ya cika.

"A'a, ɗan wasa! Kai ne da rana haka?"

Suka zauna gindin wata ƙirya. Tsohon ya dama fura a ƙwarya ya tura masa. Ashafa ya buɗe baki zai gaisa, tarin ya zo ya turmushe shi. Baba Idi ya jira har fiton ya fita, yana gyaɗa kai a hankali, kamar malamin da ɗalibinsa ya kawo hadda ba gyara.

"Baba, kun warke," in ji Ashafa da ya samu numfashi.

"Alhamdu lillahi. Iskar ƙauye ce, ka san babu auduga a nan."

"Baba, don Allah ku gaya mini. Me kuka yi mini?"

"Ni?" Tsohon ya tsinke ciyawa yana sakace. "Kai ka zo ka ɗauka ban sani ba, ka kai shi gaban jama'a. Na ga kana so, na cika maka. Na kuma tambaye ka, da bakinka ka amsa. Ko na yi maka dole?"

"To ku yafe mini, ku karɓi abinku."

"Yafiya na yafe tun a filin makaranta. Amma kyauta ba ta komawa gida, ɗana."

Ashafa ya ji hawaye na zubo masa. "To yaya zan yi?"

"Allah ne mai magani." Baba Idi ya miƙe ya saɓa garma. Har ya yi taku kaɗan ya waiwayo. "Ai ku 'yan wasa ne. Ba a rasa mai son koyo a cikinku."

Ashafa bai sha furar ba.

Da ya dawo Kano, ranar zuwa gidan talabijin ta matso, shi kuwa ba ya iya kai magana ƙarshe sai tari ya yanke ta. Ɗahiru ya ja shi gefe ya ce ba don ransa ya so ba, Bitrus zai hau mai gadin, shi Ashafa ya taimaka ya gyara masa. Bitrus ya zo da murnarsa. A lokacin matarsa Lidiya ba ta daɗe da haihuwa ba, yana ta cewa 'yarsa za ta girma ta ji ubanta ya taɓa fitowa a talabijin.

Aka ture bencina aka fara gwaji. Bitrus ya ranƙwafa, ya dafa gwiwa, ya yi tari. Daga maƙogwaro yake yi.

"Ba haka ba ne," Ashafa ya ji bakinsa ya faɗa.

"To zo ka nuna mini mana, malam."

Ashafa ya tashi. Ya zaunar da shi, ya ɗora tafin hannu a tsakiyar bayansa. "Ja numfashi, kar ka cika. Riƙe." Yana faɗin haka ya ji wani abu ya saki a ƙirjinsa. Iska ta shiga ta gangara har ƙasa, inda ta yi watanni ba ta kai ba, mai daɗi kamar ruwan randa. Ya ji ƙamshin ƙasar da aka yayyafa wa ruwa a waje, ya ji bayansa na miƙewa da kansa. Bitrus ya yi wani ɗan tari, wannan karon daga ƙasa.

"Kai, Ashafa," in ji Bitrus yana dariya, "hannunka sanyi kamar ƙanƙara. Ci gaba, na fara jin hanyar."

Ashafa ya dubi ƙeyar abokinsa, da 'yar audugar da ta maƙale a gashinsa. Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba. Sannan ya fizge hannunsa ya tura shi cikin hammata. Nan take ƙirjin ya sake rufewa, tarin ya kayar da shi kan gwiwa.

Da ya tashi ya ce, "Ba za a yi wasan nan ba."

Ɗahiru ya zaci bai ji daidai ba. Ashafa ya maimaita. Ya ce a canza mai gadin, a mai da shi gurgu ko kurma ko mashayi, amma ba mai tari ba, in kuwa aka ƙi, zai bi su har gidan talabijin ya tsaya a ƙofa yana ihu sai an kore su gaba ɗaya. Aka tambaye shi dalili. Ya fara bayani, ya ga yadda suke kallonsa, ya fasa.

"Hassada ce kawai," in ji Ɗahiru. "Don ba kai za a gani ba."

Bitrus ya ɗauki kekensa ya fita. Sun gwada wasan da gurgun mai gadi, mutumin talabijin ya zo ya kalla ya ce ba wannan ya gani ba. Daga nan ƙungiyar ta fara watsewa. Ɗahiru ya yi shekaru ko gaisuwar Ashafa ba ya amsawa. Bitrus ya nemi a canza masa layi, daga baya ya koma wata majema a Challawa, ya ƙaura da iyalinsa Panshekara. Tarin da ya yi ran nan bai sake dawo masa ba.

Da tsuke bakin aljihu ya zo a 1984, masaƙar ta fara rage ma'aikata, Ashafa na cikin rukunin farko. Atika ta aure shi duk da haka, ko da danginta suka ce ta auri jinya. Da kuɗin sallama ya kafa tebur a bakin hanyar Dakata yana sayar da guntayen yadi da zare. Wasa bai fita ransa ba. Ya shiga wata ƙaramar ƙungiya a unguwar, shi ke jan labule, shi ke ɗinka kayan sawa, wani lokaci a ba shi bebe ko gawa ya yi, kuma ko a haka sai an yi zancensa bayan an tashi. Amma bai ƙara ɗaukar tafiyar wani mai rai ba.

Kakar farko bayan aurensu, wani direban akori-kura ya tsaya a gaban teburinsa ya sauke buhun gyaɗa, ya ce wani dattijo ne daga ƙasar Gumel ya ce a kawo wa ɗan wasa. Atika ta ce ba za ta shiga tukunyarta ba. Ashafa ya kai masallaci aka rabar. Haka aka yi ta yi duk kaka, gyaɗa mai kyau, manyan ƙwaya, ba saƙo ba gaisuwa.

Shekarar da buhun bai zo ba, Ashafa ya je tasha ya nemi direban. Direban ya ce ai tsohon ya rasu bayan an gama girbi. Lafiyarsa ƙalau, ya ci tuwo, ya yi sallar azahar, ya kishingiɗa a inuwa, shi ke nan. Ko ciwon kai bai yi ba.

Ashafa ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, direban ya shafa tare da shi. Sannan ya koma Dakata ya buɗe teburinsa, don ranar akwai telan da ya ce zai zo ɗaukar yadi.